Daga Kasuwar Dabbobi zuwa Gareji: Nazarin Harshe da Al'adar Sayen Tsohuwar Akori-kura da Gyaranta a Gwarzo da Kabo

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin kalmomi da al'adun da suka shafi sayen tsohuwar motar ɗaukar kaya, wato akori-kura, da tayar da komaɗarta a ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo na Jihar Kano. An tattara bayanai ta hanyar lura da sauraron masu harkar a tashoshin mota da garejoji, sannan aka tantance su ta fuskar ƙirar kalma da ma'ana. Binciken ya gano cewa harshen wannan harka kashi biyu ne. Sunayen sassan mota galibinsu ararru ne daga Ingilishi, amma kalmomin auna lafiyar mota da ƙulla ciniki da ɗora alhaki na gida ne, waɗanda aka gada daga cinikin dabbobi da fiƙihun Malikiyya. Haka kuma an gano cewa masu harkar suna bambanta gajiya da aibi, kuma a kan wannan bambanci ake yanke wanda zai ɗauki asara idan mota ta kwanta bayan ciniki. Maƙalar ta ba da shawarar taskace waɗannan kalmomi tun masu su suna raye.

Fitilun Kalmomi: akori-kura, aron kalmomi, dillanci, kanikanci, aibi, dabbantarwa

1.0 Gabatarwa

Manazarta Hausa sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan sana'o'in gargajiya irin su ƙira da jima da dukanci da saƙa da fatauci. Sana'o'in da suka biyo bayan zuwan mota kuwa, kamar tuƙi da kanikanci da walda da dillancin motoci, an fi ambaton su ne a matsayin rumbun misalan aron kalmomi: a kawo birki da taya da sitiyari, a nuna yadda Hausa ta sarrafa su, a wuce. Wannan ya sa ake kallon gareji a matsayin wurin da Hausa take karɓa kawai. Manufar wannan maƙala ita ce gwada wannan zato a kan harka guda, wato sayen tsohuwar akori-kura da gyaranta.

An zaɓi wannan harka ne saboda nauyin da take da shi a rayuwar mutumin karkara. Mai sayen tsohuwar akori-kura a Gwarzo ko Kabo yawanci manomi ne, ko ɗan kasuwar hatsi, ko direban da ya daɗe yana tuƙa motar wani, wanda ya sayar da shanun kiwo ko amfanin gona ya haɗa jari. Idan motar ta tashi, gida ya sami hanyar abinci rani da damina. Idan ta kwanta, guminsa na shekaru ne ya kwanta tare da ita. A inda asara ta kai haka, kalmomin da ake ƙulla ciniki da su sukan zama ma'aunin da ake raba gardama da shi daga baya.

1.1 Farfajiyar Nazari

Gwarzo da Kabo ƙananan hukumomi ne da ke maƙwabtaka da juna a yammacin Jihar Kano. Babbar hanyar da ta taso daga birnin Kano ta bi ta Rimin Gado ita ce ta ratsa ƙasar Kabo ta isa Gwarzo, mai nisan kimanin kilomita 70 daga birni, sannan ta zarce Dayi da Malumfashi a Jihar Katsina. Daga wannan hanya ne hanyoyin burji da na ƙasa suke shiga garuruwa irin su Getso da Kutama da Lakwaya a ƙasar Gwarzo, da Garo da Gude da Godiya a ƙasar Kabo. Yanki ne na noman dawa da masara da gero da gyaɗa da wake, da kuma kayan lambu a lokacin rani. Amfanin da aka noma yana buƙatar abin da zai fitar da shi daga bakin gona zuwa kasuwannin mako, daga nan zuwa Dawanau idan hatsi ne, ko 'Yankaba idan kayan gwari ne. Babbar mota ba ta shiga kowane lungu, babur kuma ba ya ɗaukar buhu goma. Akori-kura ce take cike wannan gurbi.

1.2 Hanyar Gudanar da Bincike

An bi hanyar lura ta kai tsaye da tattaunawa da direbobi da kanikawa da dillalai a wuraren sana'arsu. An mayar da hankali ga kalmomin da suke maimaituwa a bakin mutane daban-daban, aka bar waɗanda suka keɓanta ga mutum guda. An sakaya sunayen waɗanda aka tattauna da su saboda harkar ta shafi kuɗi da amana.

2.0 Akori-kura: Suna da Tarihi

Sunan akori-kura harɗaɗɗen suna ne da aka gina daga cikakkiyar jimla: lamirin a wanda ba ya bayyana mai aikatawa, da aikatau kori, da karɓau kura. Irin wannan ƙira ba baƙuwa ba ce, domin da ita aka samar da a-ci-balbal, sannan daga baya a-daidaita-sahu, sunan da babur mai ƙafa uku ya gada daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau a Kano. Mustapha Ahmad a 1994 da Joseph McIntyre a 2006 sun yi nazari mai zurfi a kan harɗaɗɗun kalmomin Hausa. Abin lura a nan shi ne, tun daga sunanta Bahaushe ya ajiye wannan mota a muhallin daji da tafiyar dare, inda kura take barazana ga matafiyi da dabbarsa. Ya raɗa mata suna da kayan harshensa, duk da cewa ararren sunan fikof yana nan ana amfani da shi.

Motar da ta fi amsa wannan suna a ƙasar Hausa ita ce Peugeot, wadda ake kira Fijo. Ƙirar 404 ta fito a Faransa a 1960, ƙirar 504 kuma a 1968. An kafa kamfanin Peugeot na Nijeriya a 1972, ya fara haɗa motoci a Kakuri ta Kaduna a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har zuwa 2006. Kusancin Kaduna da Kano ya sa motar da kayan gyaranta suka wadata, kanikawa kuma suka ƙware a kanta.

Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 da faɗuwar darajar naira da ya biyo baya sun nisanta sabuwar mota daga hannun talaka. Daga nan kasuwar motocin da aka yi amfani da su a Turai ta buɗe, aka sami sunaye irin su Beljiyam da 'yar Kwatano, waɗanda suke nuni ga ƙasar da aka yi lodi da tashar da aka sauke, da kuma tokumbo da aka aro daga Yarbanci. Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu daga 1 ga Janairu, 2017, sannan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 da sakin naira da ya biyo baya suka ƙara tsadar komai. Sakamakon haka, mutumin karkara ya koma ga mataki na uku, wato motar hannu, wadda aka riga aka mora a cikin gida. A wannan rukuni ake samun tsofaffin Fijo da Toyota Hilux, da ƙananan motoci irin Daihatsu Hijet. Su ne abin nazarin wannan maƙala.

3.0 Sayen Tsohuwar Akori-kura

3.1 Lokaci da Dillali

Cinikin akori-kura yana bin kalandar manomi. Mai niyyar saye yakan so ya mallake ta kafin kaka, domin ya sami sararin gyara kafin jigilar amfanin gona ta kankama. Mai sayarwa kuma sau da yawa buƙatar taki ko wata lalura ce take sa shi rabuwa da ita. Da wuya su biyun su haɗu kai tsaye. Dillali ne yake tsakani, shi ya san wace mota ce take kasuwa, wa ya tuƙa ta, kuma me ya sa za a sayar. Ladansa la'ada ce, kalmar da ake amfani da ita a karar shanu, ko da yake ana jin kamasho a bakin 'yan tasha. Jarin dillali shi ne mutuncinsa, domin a garin da kowa ya san kowa, wanda ya haɗa mutum da matacciyar mota zai ci gaba da haɗuwa da shi a masallaci da kasuwa.

3.2 Duba Mota

Bahaushe yana cewa ba a cinikin biri a sama. Mai saye yakan tafi da bakaniken da ya amince da shi, kuma an fi son a yi sammako a tarar da inji da sanyinsa, saboda injin da aka riga aka ɗumama yakan ɓoye wahalar tashi da wasu ƙararraki. Binciken yana bin matakai kamar haka:

i. Hayaƙi. Mai shuɗi-shuɗi yana nuna inji yana ƙona baƙin mai, wato zobban fistin sun cinye. Baƙi wuluk yana nuna fetur ya yi yawa, matsalar da galibi daga kafireto take, kuma mai sauƙin gyara ce. Fari mai kauri da ba ya yankewa yana nuna ruwa yana shiga inji.

ii. Baƙin mai. Idan ya koma launin madara, ruwa ya haɗu da shi, alamar gaskit ya ƙone ko kan inji ya tsage. Idan kuma ya yi kauri fiye da ƙima, ana zargin an zuba shi ne domin a danne ƙarar inji.

iii. Shasi. Bakanike yakan kwanta a ƙarƙashin mota ya bi ƙarfen da hannu yana neman tabon walda ko tsatsa. Motar da shasinta ya karkace takan ci taya gefe guda.

iv. Bodi. Ana ƙwanƙwasa shi da yatsa, domin amon ƙarfe ya bambanta da na wurin da aka cike da fila aka shafe da fenti.

v. Gwaji a hanya. Ana hawa da ita tudu, a canja giya ɗaya bayan ɗaya, a taka birki a ga ko tana fizga gefe.

vi. Takardu. Ana gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce, saboda tsoron faɗawa cikin kayan sata.

Wanda ya san kasuwar dabbobi zai gane wannan tsari nan take. Mai sayen jaki yakan buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya ɗaga kofato, ya shafa gadon baya ko akwai miki, sannan ya kora shi ya ga tafiyarsa. Abin da ake dubawa ne ya canja, amma tsarin dubawar da tambayar da ke bayansa suna nan: shin wannan zai iya ɗaukar kaya ya kai gida?

3.3 Ƙulla Ciniki

A matakin ciniki, ararrun kalmomi sukan ja baya. Mai mota yakan sa suna, mai saye ya taya, a amsa masa da albarka idan tayin bai kai ba, a ci gaba har mai abu ya sallama, a ce ciniki ya faɗa. Idan kuɗin bai cika ba, a ba da kafin alƙalami, a sa ranar ciko. Ana yin haka a gaban shaidu, a rubuta takardar yarjejeniya, a rufe da addu'ar Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Duk waɗannan kalmomi sun girmi mota a ƙasar Hausa. Abin sha'awa ne cewa aikatau taya na ciniki da suna taya na ƙafar mota suna haɗuwa a zance guda, rubutun yau da kullum ba ya bambanta su, muhallin magana ne yake warwarewa.

3.4 Tsakanin Gajiya da Aibi

Wannan shi ne ginshiƙin harkar. Mai sayarwa yakan ce ya sayar da motar a yadda take. A zahiri wannan furuci kamar ya wanke shi daga duk abin da zai biyo baya, amma masu harkar ba haka suke fassara shi ba. Suna raba matsalolin tsohuwar mota gida biyu.

Gajiya ita ce lalacewar da shekaru da aiki suke kawowa: kuloci ya cinye, taya ta suɗe, sifirin ya kwanta, batir ya yi sanyi. Wannan nauyin mai saye ne, domin da saninsa ya sayi tsohuwa, kuma saboda haka ne kuɗinta ya sauka. Wanda ya dawo da ƙorafi a kan gajiya, karin maganar da ake tarbarsa da ita ita ce, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Aibi kuwa shi ne illar da mai sayarwa ya sani ya ɓoye, wadda da mai saye ya gan ta da bai saya ba, ko da bai biya wannan kuɗi ba: shasin da ya karye aka yi masa walda aka shafe da baƙin fenti, ko injin da ya kusa bugawa aka danne ƙararsa, ko takardun da ba na motar ba. A nan furucin a yadda take ba ya kare mai sayarwa.

Wannan rarrabewa ta yi daidai da abin da ɗaliban zaure suke karantawa a babin ciniki na Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, inda aka haramta algus da ɓoye aibi. A hukuncin Malikiyya, wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi yana da zaɓin riƙewa ko mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Idan kuma wata sabuwar illa ta sami abin a hannunsa, yana iya riƙewa ya nemi a biya shi ƙimar tsohon aibin. Wannan reshe na biyu shi ya fi aiki a cinikin mota, domin sau da yawa ba a gano aibi sai an sauke inji ko an kankare fenti, lokacin da motar ta riga ta sauya kama. Shi ya sa sulhu yakan ƙare da rangwame, a mayar wa mai saye wani kaso na kuɗinsa. Maganar takan fara daga dillali, ta je ga shugabannin ƙungiyar direbobi a tasha, ko mai unguwa da dagaci, kafin a kai ga kotu. Yawancin masu yin wannan sulhu ba su kawo nassi, da kalmomin gajiya da aibi suke yanke hukunci. Ke nan fiƙihu ya narke a cikin harshen kasuwa.

4.0 Gyara

4.1 Tsarin Gyara da Rabon Aiki

Gogaggen mai saye ba ya zuba dukan jarinsa a ciniki, yakan ware na gyara tun farko. Ƙwararru suna bin tsari daga ciki zuwa waje: inji da giya, sannan birki da ƙafafu, sannan waya da fitilu, sannan bodi, fenti a ƙarshe. Sabon shiga ne yake farawa da fenti, kuɗi su ƙare mota tana ƙyalli a ƙofar gida ba ta motsi.

Kowane mataki da mai shi. Bakanike yana da inji, riwaya yana da waya, fanalbita yana da bodi, sannan mai walda da mai fenti da mai faci da mai ɗinkin kujera. Kowannensu yana da yaran da suke koyo a ƙarƙashinsa har ranar da za a yaye su, kamar yadda ake yi a maƙera. Aikin da aka ba wanda bai iya ba shi ake kira gyaran gangar Auzinawa.

Babbar shawarar da mai mota yake yankewa ita ce ta inji: ko a sauke shi a sake masa kayan ciki, ko a sayo injin Beljiyam a ɗora. A nan tsohuwar Fijo take da wata falala. Bututun da fistin yake hawa da sauka a cikinsa ana iya zare shi a sa sabo, saboda haka inji guda yana iya sabuntuwa sau da dama. Bugu da ƙari, ba ta da kwamfutar da take sarrafa inji, kunne da ido da sufana sun wadatar wajen gano cutarta. Wannan ne ya sa bakaniken ƙauye yake iya riƙe ta, kuma ya sa ake mata kirari da karin maganar da tsohuwar zuma ake magani.

4.2 Kayan Gyara

Ƙananan kaya ana samun su a Gwarzo, manya kuwa sai an shiga birni, musamman kasuwar Ƙofar Ruwa. Masu harkar sun kasa kayan gyara zuwa orijina, da na Beljiyam, da jabu, da kuma waɗanda aka ciro daga motar da aka yanka. Da yawa sun fi amincewa da tsohon ƙarfe na asali a kan sabo mai araha, suna kafa hujja da cewa araha ba ta ado, kuma sayen nagari mayar da kuɗi gida ne. Tun da aka daina ƙera 504, motocin da aka yanka sun zama babbar madogara. Kowace Fijo da ke tafiya a yau tana ɗauke da sassan 'yan'uwanta da suka mutu, ragowar gangar jikinsu kuma ta tafi wurin 'yan gwangwan.

4.3 Ƙarin Ƙarfi da Haɗarinsa

Gyaran akori-kura a wannan yanki ba ya tsayawa ga mayar da ita yadda take. Ana ƙara mata sifirin a ƙafafun baya, a ɗaga mata ƙarafa a gefe domin lodi ya hau sama. Ta fuskar kasuwanci dabarar tana da ma'ana, domin tsadar mai ta sa kowane sawu dole ya biya kansa. Sai dai ƙarin sifirin yana hana mota durƙushewa ne kawai, birki yana nan yadda aka ƙera shi, kuma duk lodin da ya yi tsawo yana sauƙaƙa kifewa a kwana. Ranar kasuwa kuwa, a kan wannan lodi fasinjoji suke zama. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa da aka kafa a 1988, da KAROTA da aka kafa a Kano a 2012, suna yaƙi da abin da 'yan tasha suke kira obalodi. Abin lura ga manazarci shi ne, a bakin masu harkar, cewa mota tana da ƙarfi yana nufin tana ɗauka kuma tana ja. Iya tsayawa ba ya cikin ma'anar. Duk mai son faɗakar da direbobi da Hausa yana buƙatar sanin wannan giɓi na ma'ana.

Bayan fenti sai rubutu. Kalamai irin su Allah ya kiyaye, ko mahaƙurci mawadaci, su ne suke sanar da cewa mota ta sami sabon ubangida.

5.0 Harshen Gareji

5.1 Ararrun Kalmomi

Sunayen sassa da kayan aiki sun bi ƙa'idojin da aka sani na hausantar da kalmomin Ingilishi:

i. Sauya baƙi: /p/ ya koma /f/ a fenti da fistin da fulogi da Fijo, /v/ ya koma /b/ a direba da bawul da ribas.

ii. Saƙala wasali domin raba cunkoson baƙaƙe: birki, kuloci, sitiyari, sifirin, giris.

iii. Ƙara wasali a ƙarshe: gareji, lodi, noti.

iv. Jam'i irin na Hausa: taya da tayoyi, direba da direbobi, gareji da garejoji, mota da motoci, inda /t/ ta ganɗance ta koma /c/.

Misalai biyu sun fi nuna cewa aron ba kwafe ba ne. A kalmar inji, an ɗauki /n/ ta ƙarshen kalmar asali a matsayin harafin mallaka, aka yar da ita, sai ta dawo a injin mota. A kalmar makaniki kuwa, an ɗauki gaɓar farko a matsayin ɗafa-goshin ma- irin na maƙeri da masaƙi, aka cire ta, aka sami saiwar kanik-, wadda ta haifi bakanike da kanikawa da kanikanci. Harshe ya kwance baƙuwar kalma ya sake ɗaura ta, kamar yadda masu ita suke yi wa inji.

5.2 Dabbantarwa

Idan aka bar sunaye aka koma ga aikatau da siffofi, aro yakan yi ƙaranci. Mota tana shan mai, tana cin taya, tana tari, tana gardama. Takan gaji, ta kwanta, ta mutu, a tashe ta. Tana da kai da hanci da ciki da ƙafafu, kuma ana tambayar lafiyarta. Bisa rabe-raben jinsintarwa da Abdulƙadir Ɗangambo ya yi, ana iya ɗaukar wasu daga cikin waɗannan a matsayin mutuntarwa. Amma idan aka haɗa su da dillali da la'ada da aibi, aka kuma lura da cewa ƙarshen motar da ta kasa shi ne yanka, za a ga cewa hoton dabbar sufuri ne. Akori-kura ta gaji aikin jaki da raƙumi na zamanin fatauci, ta gaji kalmominsu. Hatta yaron da yake bin ta an kira shi karen mota, sunan da Ɗanmaraya Jos ya yi wa waƙa.

6.0 Sakamakon Bincike

Nazarin ya fito da abubuwa uku. Na farko, aro a wannan fage ya taƙaita ne ga sunayen abubuwa, alhali aiki da hukunci da alhaki suna gudana da kalmomin gida. Na biyu, bambancin gajiya da aibi shi ne dokar da take tafiyar da cinikin tsohuwar mota, kuma tushensa yana cikin fiƙihun Malikiyya da al'adar kasuwar dabbobi. Na uku, wannan ilimi a ka yake, a bakin tsararrakin da suka koyi aiki a kan Fijo. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun riga 404 fitowa. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 da na Paul Newman na 2007 kuwa na gama-gari ne, ba a tsara su domin keɓaɓɓun kalmomin sana'a guda ba.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tsohuwar akori-kura daga hannun dillali zuwa hannun mai fenti, ta nuna cewa Bahaushen Gwarzo da Kabo ya ari ƙarfe da sunansa, amma ya auna shi da ma'aunin da ya gada. Motocin da suke maye gurbin Fijo suna zuwa da kwamfuta da na'urar gano cuta, kuma bakaniken da yake gane ciwon inji da kunne yana tsufa tare da motar da ya ƙware a kanta. Saboda haka ana ba da shawarar sassan Hausa na jami'o'i su tura ɗalibai garejoji da tashoshi domin naɗar hirarrakin tsofaffin kanikawa da dillalai, a tsara ƙaramin ƙamus na kalmomin sufuri. Haka kuma akwai buƙatar kwatanta abin da aka samu a nan da na Maraɗi da Damagaram, inda tushen aron Faransanci ne, domin a ga ko kalmomin ciniki da na aibi suna nan daram a can kamar yadda suke a yammacin Kano.